Yadda Injin Casar Shinkafa Zai Zaɓi Abin da Zai Fara Gyarawa Don Ɗorewar Aiki, da Yadda Zai Auna Ci Gabansa

Tun da bankuna da manyan masu sayen kaya suka fara miƙa wa masu masana'antu takardar tambayoyi a kan muhalli da lafiyar ma'aikata kafin a ba da rance ko a ƙulla ciniki, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga masu injinan casar shinkafa na Kura da Bunkure da Garun Malam, har zuwa Auyo da Haɗeja: daga ina ake farawa, kuma da me mutum zai nuna cewa ya yi wani abu? Wasu sun ce an kawo musu jerin abubuwa fiye da ashirin, daga dashen itatuwa zuwa rage hayaƙi, sun duba sun rasa na kamawa, sai suka jefa takardar a durowa.

Matakan da ke ƙasa na tsara su ne a kan matsakaicin injin da yake turara shanshera, ya busar, ya casa, ya zuba a buhu. Mai matsar man gyaɗa ko mai sarrafa riɗi zai iya bin su, abin da zai sauya kawai shi ne sunan kaya. Jerin yana da muhimmanci, domin mafi yawan kuɗin da na ga an yi asara a wannan harka an kashe su ne saboda an ɗauki alkawari kafin a yi awo.

1. A shata iyaka, a ɗora wa mutum ɗaya

Kafin komai, mai masana'anta da manajansa su zauna su rubuta abin da lissafin zai ƙunsa: harabar injin, rumbunan ajiya ko da suna wani gari, motocin kamfani, rijiyar burtsatse, da filin shanya. Gonakin manoman da ake sayen shanshera a hannunsu da motocin haya a ware su a shafi na dabam, za a zo kansu daga baya. Sannan a ɗora aikin a wuyan mutum ɗaya wanda yake da ikon shiga ofishin akawu da ɗakin janareta ba tare da neman izini ba, a kuma sanar da ma'aikata a gabansa cewa da yawun mai gida yake tambaya.

A kula: kada a kafa kwamiti na mutum goma a wannan mataki, kuma kada a ba wa ƙaramin ma'aikacin da ba zai iya kallon shugaban injiniyoyi ya ce masa "kawo littafi" ba.

2. A tanadi kayan awo

Kayan ba su da yawa. Ana buƙatar sikeli mai kyau wanda aka gwada shi da nauyin da aka sani. Na'urar auna danshin hatsi. Mitar ruwa a kan bututun da ya fito daga rijiyar burtsatse. Mitar mai a bakin tankin dizal, ko aƙalla sandar awo da aka yi wa alamomi bisa ainihin girman tankin. Ƙaramar mitar wuta a kan kowane babban sashe, wato turarawa, busarwa da casa. Da manyan littattafai masu bango mai ƙarfi guda huɗu ko biyar. Yawancin janaretoci suna da agogon da ke ƙirga awannin aiki, a duba a tabbatar yana tafiya. Idan akwai kwamfuta a ofis, a riƙa kwafe alƙaluman cikin Excel duk mako, amma littafin takarda ya zauna a inda ake aikin.

Farashin waɗannan kaya yana motsi da canjin dala, saboda haka a nemi farashi daga wuri uku a Kano kafin a saya. A jimlace, in ban da sikelin auna mota wanda shi babban jari ne, sauran kayan ba su kai kuɗin dizal ɗin da matsakaicin inji yake ƙonawa cikin 'yan kwanaki ba. Wanda bai da hali yanzu ya fara da na'urar danshi da awon dizal, sauran su biyo baya. Ruwa kuma ana iya ƙirga sau nawa aka cika tanki a rana kafin mita ta samu.

Gargaɗi: buhu ba ma'auni ba ne. Buhun shanshera na wannan kasuwa da na waccan ba nauyinsu ɗaya ba, kuma na dillalin da ya iya ɗinki ya fi na manomi cika. Duk lissafin da aka gina a kan "buhu nawa" zai rushe. A koma kilo da tan.

3. A haɗa lissafin wata goma sha biyu, a raba shi da tan

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. A tattaro rasiɗan dizal, takardun kuɗin wuta na KEDCO, littafin shigowar shanshera da na fitar shinkafa, kuɗin itace idan ana saye, kuɗin gyaran inji, da kuɗin asibitin da aka biya wa ma'aikata, na shekara guda cur. Dalilin cika shekara shi ne aikin shinkafa yana tafiya da lokaci. Shansherar kaka tana zuwa da danshi, ta noman rani daga Kadawa ko kwarin Haɗeja tana da nata hali, lokacin hunturu shanya ba ta da wahala, a watan Agusta kuwa na'urar busarwa ba ta hutawa. Wanda ya ɗauki wata uku na rani ya ce shi ne ma'auninsa, damina za ta ƙaryata shi. Inda takardu suka ɓace, a rubuta a fili cewa adadin wannan wata ƙiyasi ne, kada a cike gurbin shiru.

Bayan an tara, sai a raba kowane adadi da tan ɗin shansherar da aka sarrafa a watan. Ga misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce a watan Nuwamba inji ya sarrafa tan 400, ya sha dizal lita 6,000, wato lita 15 a kowane tan. A watan Maris ya sarrafa tan 250, ya sha lita 4,500. Akawu zai kawo albishir cewa an rage lita 1,500, alhali kuwa kowane tan ya koma cin lita 18. Aikin ya lalace, ƙarancin kaya ne ya rufa masa asiri. Haka za a yi wa wuta, da ruwa, da itace.

Sai lissafin abin da shanshera take rikiɗewa ta zama. A ƙa'ida, buntu yana ɗaukar kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin shanshera, dusa kashi 8 zuwa 10, shinkafar da ta fita kuma, lafiyayya da karyayya a haɗe, tsakanin kashi 65 zuwa 70. A auna kowanne, a haɗa da tsakuwa da dattin da aka tace, a ga ko jimlar ta koma kusa da abin da ya shigo. Idan akwai giɓi mai faɗi, to ko dai sikeli yana ƙarya, ko kaya yana zubewa, ko yana fita ta wata ƙofa.

Gargaɗi: a daidaita danshi kafin a zargi kowa. Shanshera mai nauyin kilo 100 da aka saya da danshi kashi 20, idan ta bushe ta dawo kashi 14 da ake so a casa da shi, za ta koma kusan kilo 93. Wannan kilo 7 ruwa ne aka saya da kuɗin shinkafa, ba mai gadi ne ya ɗauka ba. Na san inda aka sallami mai kula da rumbu a kan irin wannan giɓi, daga baya na'urar danshi ta wanke shi, amma ya riga ya tafi.

4. A zagaya da ƙafa, a saurari mutane

Takarda ba ta nuna komai da komai. A zaɓi ranar da inji yake cikin aiki sosai, a bi kaya daga ƙofar shiga har inda ake loda mota, ana rubuta duk inda tururi yake tsiyaya, inda bel ya saki, inda ƙura ta turnuƙe, inda waya take a tsirara, da inda ruwan jiƙo, wato wanda aka jiƙa shanshera a ciki kafin turarawa, yake bi bayan an sake shi. A fita bayan katanga a bi ruwan nan har inda ya tsaya. A sake zagayen da daddare, domin abin da ake yi bayan manaja ya tafi gida dabam ne.

Daga nan sai saurare. Ma'aikata a gana da su ba a gaban shugabanninsu ba, 'yan dako kuma a zauna da su dabam, domin su ne suka fi shan ƙura kuma su ne ba a cika tambaya ba. Maƙwabta a bi ta hannun mai unguwa ko dagaci, amma kada a tsaya a zaure kawai, a samu mace daga cikin ma'aikata ko wata dattijuwa ta shiga gidaje ta ji ta bakin mata, domin su ne suke shanya, su ne suke ɗiban ruwa.

A wani inji da na ziyarta a gefen wani ƙauye, mai wurin ya riga ya yanke shawarar dasa itatuwa a bakin titi, har an kawo masa farashin dashe. Da muka je gaishe da dagaci, bayan an gama gaisuwa sai ya ce, "Alhaji, itace alheri ne, Allah ya saka. Amma ka zo ka ga wani abu." Ya kai mu bayan gidajen da ke yamma da injin. Tulin buntu ya fi tsayin mutum biyu, yana ci da wuta ta ciki ba harshe, sai hayaƙi fari mai ɗaci da iskar hunturu take kwasowa tana zubawa cikin gidaje. Wata mata ta ɗago zanen da ta shanya da safe, ya yi dabbare-dabbare da toka. Alhajin ya yi shiru, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa zagayowa ta nan ba." Shekararsa shida da kafa injin.

A kula: kada a yi alkawari a wajen sauraren nan. A ce an ji, za a dawo da amsa a wata kaza. Alkawarin da aka yi a gaban dagaci ba ya mantuwa.

5. A jera matsalolin, a zaɓi uku ko huɗu

Yanzu za a tarar da jeri mai tsawo. Kafin a fara fifitawa, a cire kashi biyu a ajiye gefe, domin su ba a yin zaɓe a kansu. Na farko shi ne duk abin da zai iya kashe mutum ko ya nakasa shi: tukunyar tururin da ba a duba ba, bel da ba shi da murfi, wayar wuta a kusa da ruwa, rashin na'urar kashe gobara kusa da rumbun buntu. Na biyu shi ne abin da doka ta wajabta. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, wato NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin da ta fitar a 2009 don masana'antun abinci da abin sha, kuma tana buƙatar a yi binciken muhalli na masana'anta duk shekara uku ta hannun ƙwararren da ta amince da shi. Dokar masana'antu ta tanadi rajistar wurin aiki da duba tukunyar tururi lokaci-lokaci a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi a asusun hukumar inshorar ma'aikata, wato NSITF. Wanda zai faɗaɗa injin sosai kuma ya tuna da dokar tantance tasirin aiki ga muhalli ta 1992. A tuntuɓi ma'aikatar muhalli ta jiha, a Kano ko a Dutse, don abin da jiha ta ƙara a kai.

Abin da ya rage sai a zana masa jadawali mai gida uku. A gida na farko a ba kowace matsala maki 1 zuwa 5 bisa yawan kuɗin da take ci wa kamfani. A na biyu, bisa girman cutarwarta ga ma'aikata da maƙwabta da ƙasa da ruwa. A na uku, bisa yadda banki ko mai saye yake matsawa a kanta. Mutum uku ko huɗu su ba da maki kowa shi kaɗai, sannan a haɗa a tattauna inda aka saɓa. Mai gida ya ba da nasa a ƙarshe, in ba haka ba kowa zai kwafi nasa.

A yawancin injinan da suke turarawa, abubuwan da suke hawa sama su ne dizal da wuta, buntu da tokarsa, ruwan jiƙo, da ƙura. Amma kada wani ya kwafi wannan ya tsallake aikin, domin injin da ke bakin magudanar noman rani a Bunkure da wanda ke kan jigawa nesa da gari ba damuwarsu ɗaya ba. A ɗauki uku, in an matsa huɗu. Sauran a rubuta su a shafin "baɗi", kada a yage.

Gargaɗi: abin da ya fi kyau a hoto ba lallai ne ya zama shi ya fi muhimmanci ba. Rabon buhunan shinkafa da azumi sadaka ce mai lada, amma ba ta shiga wannan jadawali, kuma ba ta goge ruwan da aka saka wa mutane a rijiya.

6. A rubuta buri yadda za a iya kama mutum da shi

Kowane buri ya ƙunshi abu biyar: me ake aunawa, daga nawa, zuwa nawa, zuwa yaushe, kuma wa za a tambaya. "Za mu rage amfani da mai" ba buri ba ne. "Za mu sauko da dizal daga lita 15 zuwa lita 13 a kowane tan na shanshera kafin ƙarshen Disamba, kuma shugaban injiniyoyi ne mai alhaki" shi ne buri. Na buntu zai iya zama cewa daga watan kaza ba za a ƙara ƙona ko kilo ɗaya a fili ba, kuma za a rubuta inda kowane tan ya tafi. A shekarar farko a sa abin da ake da yaƙinin cimmawa da gyare-gyare, domin ma'aikatan da suka ga an ci buri ɗaya su ne suke yarda da na biyu.

Kowane buri a haɗa shi da kasafinsa da lissafin lokacin da kuɗin zai dawo. Lissafin ba shi da wuya: a raba kuɗin aikin da abin da zai rage a wata. Idan gyara zai ci naira miliyan 2, ya kuma rage dizal na naira 400,000 a wata, cikin wata biyar ya biya kansa.

7. A fara da mai arha

A ɓangaren makamashi, jerin da nake ba da shawara shi ne gyara, sannan tsara aiki, sannan sayen sabon abu. Janaretan dizal mai lafiya da aka ɗora wa kaya daidai ƙarfinsa yana ba da wajen kilowat-awa 3 zuwa 3 da rabi a kowace lita. Idan aka bar ƙaton janareta yana ruri don fitilu da fankar ofis kawai, wato ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa, yana shan mai a banza kuma yana lalata kansa. Ƙaramin janareta ko sola don ofis da fitilu da famfon rijiya yana magance wannan. A haɗa aikin casa a jere maimakon a yi ta kunnawa da kashewa. A ɗaure bel, a sauya matatar iska a kan lokaci musamman da hunturu, a naɗe bututun tururi da abin rufi, a toshe duk inda yake tsiyaya. Moton da aka yi wa naɗi sau uku ko huɗu yakan ƙara shan wuta, a gwada shi da mita a kwatanta da sabo kafin a sake kai shi wajen mai naɗi. Wanda yake kan layin wuta na rukunin A, wato layin da ya fi samun wuta kuma ya fi tsada, ya san tun watan Afrilun 2024, da aka kai kuɗin zuwa naira 225 a kan kowane kilowat-awa, wutar gwamnati ma ta daina zama abin wasa.

Gargaɗi: kada a sayi babbar sola don tayar da manyan motoci kafin a gama waɗannan gyare-gyare kuma a samu lissafin mita na wata da watanni. Moto yana jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi, kuma wanda ya auna sola a kan ɓarnar da yake yi yanzu zai sayi abin da ya fi buƙatarsa.

Buntu kuwa dukiya ce da ake zubarwa. Injin da ya sarrafa tan 400 ya tara buntu wajen tan 80. Mafi kyawun amfaninsa shi ne ya zama makamashin tukunyar tururi a murhun da aka gina don shi, ya maye gurbin itace. Abin da ya ragu masu kiwon kaji suna saye don shimfiɗa, ana kuma matse shi a yi curin girki. Dusa a ware ta daga buntu tun a inji, domin tsabtatacciya ta fi gaurayayya daraja a wajen masu haɗa abincin dabbobi, kuma ta shinkafar da ba a turara ba tana saurin yin ɗaci, kada a tara ta. Tokar buntu tana da yawa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka ƙona, kuma tana da kaifi a ido da huhu. A yayyafa mata ruwa, a rufe, a ajiye ta a inda iska ba za ta kai wa gidaje ba, a tuna cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma.

Ruwan jiƙo yana fita da zafi da wari, kuma idan ya shiga kududdufi ko magudana yana cinye iskar da kifi yake shaƙa. Mafi ƙarancin abin yi shi ne a haƙa tafkuna biyu ko uku a jere, a daɓe su yadda ba za su tsotse cikin ƙasa ba, ruwan ya huce, datti ya kwanta, sannan a kai samfurinsa ɗakin gwaji kafin a yanke shawarar inda za a sake shi ko a yi ban ruwan itatuwa da shi.

Gargaɗi: a kewaye tafkunan da waya tun ranar da aka haƙa, domin yaran ƙauye ba su san bambancinsu da kududdufin wanka ba. A nisanta su da rijiyoyin sha. Kuma kada a sake ruwan nan a magudanar noman rani ko da dare ne, manoman da ke can ƙasan magudanar za su gane.

Ƙura da ƙara kuma a fara daga tushensu, a rufe inda ƙura take tashi, a sa bututun zuƙe ta, sannan a raba takunkumi da abin toshe kunne. Ƙarar da ta kai desibel 85 tana cutar da ji idan mutum ya yini a cikinta, kuma alamarta mai sauƙi ita ce sai an ɗaga murya kafin wanda ke kusa ya ji.

8. A fitar da lissafin iskar kabon

Wannan shi ne abin da takardun banki suka fi tsoratar da mutane da shi, alhali wanda ya yi mataki na uku ya riga ya gama rabin aikin. Lissafi ne na iskar da take ɗumama yanayi wadda aikin kamfani yake fitarwa, kuma ana kasa shi gida uku. Na farko shi ne abin da kamfani ya ƙona da kansa: kowace litar dizal tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, litar fetur kuma kimanin kilo 2.3, saboda haka lita 6,000 ta misalinmu ta haura tan 16 kaɗan. Na biyu shi ne wutar da aka saya, a ninka kilowat-awa da adadin kabon na kowane kilowat-awa wanda mai neman rahoton ya amince da shi, a rubuta adadin da shekararsa. Hayaƙin buntu da itace ana rubuta shi a layi na dabam. Na uku shi ne na wajen katanga, kuma a harkar shinkafa shi ne mafi girma, domin gonar da ruwa ya kwanta a cikinta tana fitar da iskar metan, wadda ita ma take ɗumama yanayi.

Wannan na ukun a bar shi sai shekara ta biyu ko ta uku. Idan lokacin ya yi, injin da yake da manoman da yake ba iri da taki zai iya gwada dabarar da cibiyar binciken shinkafa ta IRRI ta yaɗa, wato a kafa bututu mai huda-huda a gona, a bar ruwa ya sauka har santimita 15 ƙasa da doron ƙasa kafin a sake ban ruwa, in ban da lokacin fure da ake barin ruwa a kwance. Tana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin ɗari, wanda ga mai ban ruwa da injin fetur kuɗi ne a aljihu. A fara da manoma kaɗan masu ikon sarrafa ruwansu.

9. A kafa bibiya ta yini, ta mako, da ta wata

Kowace safiya a lokaci ɗaya a karanta mitoci da sandar dizal a rubuta. Kowane mako mai alhakin aikin ya fitar da adadin kowane tan ya rubuta da alli a allo a inda ma'aikata suke wucewa. Kowane wata a zauna na rabin awa da mai gida a duba shafi ɗaya tak: buri, inda ake, da dalilin bambanci. Idan adadi ya yi tsalle, a je wurin a duba a ranar, kada a jira taro. A buɗe littafin rauni da na "saura ƙiris", wato haɗarin da Allah ya kiyaye, a riƙa rubuta na 'yan dako da leburorin yini kamar yadda ake rubuta na masu albashi. A buɗe na ƙorafin maƙwabta, da ranar da aka kawo da ranar da aka amsa.

Gargaɗi: wanda yake zuba dizal kada ya zama shi kaɗai yake rubuta shi, mutum biyu su sa hannu. Kuma a yi hattara da tukuici. Idan aka ce za a ba da kyauta in wata ya wuce ba a ji rauni ba, rauni ba zai ragu ba, rubuta shi ne zai ragu. Gara a yaba wa wanda ya kawo rahoton bel ɗin da ya kusa kama hannu. Idan an sauya sikeli ko mita, ko an ƙara sabon layin casa, a rubuta ranar, domin alƙaluman kafin nan da na bayan nan ba za su kwatantu kai tsaye ba.

10. A rubuta rahoton shekara

A ƙarshen shekara a haɗa shafi uku ko huɗu: iyakar lissafin, ma'aunin farko, burin da aka sa, abin da aka samu, da wanda ba a cimma ba tare da dalilinsa. Jami'in banki da ya saba karanta irin waɗannan takardu ya fi yarda da rahoton da ya amsa gazawa ɗaya a kan wanda komai a cikinsa nasara ce. Kada a rubuta a jikin buhu cewa shinkafar "ba ta cutar da muhalli", a faɗi abin da aka auna kawai. A ajiye rasiɗai da littattafai da sakamakon gwajin ruwa, domin mai bincike su zai nema.

Takardar shaidar tsarin kula da muhalli ta ISO 14001, wadda ake iya nema ta hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, tana da amfani ga mai son sayar wa manyan kamfanoni, amma tana da kuɗin bincike na farko da na sabuntawa, saboda haka a jinkirta ta har tsarin ya yi shekara yana tafiya. Ma'aunan rahoton ɗorewa na duniya da aka fitar a watan Yunin 2023, waɗanda Najeriya ta karɓa, za su fara ne da manyan kamfanoni, sai dai su manyan za su juyo su nemi alƙaluma daga masu kawo musu kaya.

Kwafi ɗaya na rahoton a fassara shi da Hausa a kai wa dagaci da hannu, a karanta a gaban waɗanda aka saurara a mataki na huɗu, a kuma tambaye su ko abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da suke gani ta bayan katanga. Abin da suka ƙara a shigar da shi shafin "baɗi", a sake ba da maki kafin shansherar kaka ta fara shigowa.